A Bar Tsohon Mariƙi Da Tsufansa

Maƙalarmu ta yau za ta kai mu nesa da gida, zuwa Amurka da Turai, wurin wasu mutane da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin bindigogin hannu na tarihi, irin waɗanda aka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da su. Akwai wata muhawara da ta daɗe tana raba kawunansu, kuma a kan wani ɗan abu ne da bai kai tafin hannu girma ba. Mun ga ya dace mu tsoma baki, domin duk wanda ya taɓa gadon wani tsohon abu, ya rasa ko ya gyara shi ko ya bar shi yadda ya same shi, zai gane inda maganar ta dosa.

Kafin mu yi nisa, a fahimce mu. Wannan sha'awa ce ta ƙasashen da dokarsu ta ba da dama. A Amurka, bindigar da ta kai shekara 50 da ƙerawa tana shiga rukunin kayan tarihi a wurin hukuma, har akwai lasisi na musamman ga masu tara irinsu. A Birtaniya an hana farar hula mallakar yawancin bindigogin hannu tun 1997, sai 'yar ƙofa da aka bar wa masu muhimmancin tarihi, sai kuma waɗanda ke gidajen adana kaya irin Royal Armouries na birnin Leeds. Mu nan da muka san abin da bindiga ta jawo mana ba ma kallonta a matsayin kayan ado, kuma ba mu kiran kowa ya mallake ta. Abin da ya kawo mu shi ne tsohon kaya da yadda ake riƙon amanarsa.

Ga yadda matsalar take. Mariƙin bindigar hannu, wato inda tafin hannu ke damƙa, ƙarfe ne, amma ana rufe shi da wasu 'yan faifai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, a ɗaure su da noti. Bari mu kira su kumatun mariƙi, don haka suke zaune. A da, da katako ake yin su, ko ƙaho, ko hauren giwa ga masu hali. Daga baya roba ta shigo. Mu da muke ganin leda ta shekara da shekaru a bola ba ta ruɓe ba, mukan ɗauka roba ba ta tsufa. Tana tsufa, wata ma ta fi katako saurin gajiya. Mutum zai ɗauko bindigar da aka ƙera wajen 1950, ya tarar kumatunta sun motse, gefe ya janye ya bar ƙarfe a fili, tsakiya ta yi doro, ramukan noti sun matso kusa da juna har ba sa hawa mazauninsu. To me zai yi?

Amsarmu a taƙaice ita ce: kada ya sa magagari, kada ya sa zafi, kada ya huda komai. Ya kwance su a hankali, ya adana su da takardar shaida, ya ɗaura sababbi in yana so, ya kuma faɗa wa duk wanda ya tambaya cewa sababbi ne. Dalilanmu ne za su biyo baya, kuma na farkonsu yana cikin ita robar kanta.

Abin da muke kira roba da baki ɗaya, a hannun masana'antu iri-iri ne, kuma kowace da halinta. Ta farko da ta hau mariƙin bindiga ita ce baƙar roba mai tauri, wadda ake dafa danƙon itacen roba da farar wuta mai yawa har ya ƙame. Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar dafa danƙo a 1844, ɗan uwansa Nelson ya yi rajistar mai taurin a 1851, kuma a shekarun 1880 kamfanin Colt yana ɗaura ta a kan libarbarsa. Halinta shi ne ba ta son haske. In ta sha rana sai baƙinta ya koɗe ya koma ruwan ƙasa ko kore-kore, farar wutar da ke cikinta ta taso sama, in ta haɗu da danshi ta zama ruwa mai cin ƙarfe.

Ta biyu ita ce seluloyid, wadda John Wesley Hyatt ya haɗa wajen 1870 yana neman abin da zai maye gurbin hauren giwa a ƙwallon biliyad. Da auduga ake yin ta, a jiƙa ta da sinadari, a kwaɓa da kafur don ta yi laushi. Tana da kyau ƙwarai, tana kwaikwayon haure da lu'ulu'u har sai an duba da kyau. Amma tana kama wuta kamar fetur, kuma in ta fara lalacewa tana fitar da wani tururi mai guba ga ƙarfe. Masu tara tsofaffin wuƙaƙen aljihu sun san wannan sarai: ƙota ɗaya ta seluloyid da ta fara ruɓa tana iya sa wa duk wuƙaƙen da ke cikin akwati tsatsa.

Ta uku ita ce Bakelite, wadda Leo Baekeland, haifaffen Beljiyam mazaunin Amurka, ya ƙirƙiro a 1907. Wannan kamar tukunyar ƙasa take. Da zarar an gasa ta a mazubi ta ƙame, shi ke nan, babu zafin da zai sake mayar da ita laka. Ba ta cika motsewa ba, amma tana da gautsi, in aka matsa mata noti fiye da kima sai ta tsage. Ita da danginta ne a kan mariƙin Walther P38 ta sojan Jamus, da Tokarev ta Tarayyar Sobiyet.

Ta huɗu, wadda ita ce uwar matsalar, ita ce robar asitet, ƙanwar seluloyid wadda ba ta kama wuta kamar yayarta. Ta bazu a shekarun 1930, kamfanin Eastman yana sayar da tasa da sunan Tenite. Ita kuwa kamar kakin zuma take, zafi na tausasa ta, sanyi na ƙamar da ita. Don ta yi laushi, ana kwaɓa ta da wani sinadari mai kama da mai. Shekara na bin shekara wannan man yana fita a hankali, kamar yadda fatar da aka jeme take bushewa ta takure in an daina shafa mata mai. Abin da ya fita kuwa ya rage mata jiki, don haka ta motse. In lalacewar ta yi nisa sai a ji tana tsami kamar ruwan khal, warin nan da masu adana tsofaffin faya-fayan silima suka sani, domin su ma da asitet aka yi su.

Ka ga ke nan motsewar ba kuskuren mai ƙira ba ce kaɗai, ba kuma sakacin mai ajiya ba ce kaɗai. Hali ne na abin da aka yi aiki da shi a wancan zamani. Kumatun da kamfanin Colt ya riƙa sa wa bindigoginsa na kasuwa bayan yaƙi, masu suna Coltwood, sun yi suna wajen motsewa. Haka ma na Franzite, waɗanda wani kamfani a Shikago ya riƙa sayarwa a tsakiyar ƙarnin da ya wuce ga mai son canza wa bindigarsa ado da abin da ya yi kama da haure ko ƙahon barewa. Wanda ya san harkar, in ya ga Coltwood da ya ɗan janye daga gefe, hankalinsa kwanciya yake yi, don ya san na asali ne. Wanda ya zauna daram kamar jiya aka zuba shi, shi ne abin tuhuma.

Don a ga dalilin da ya sa ɗan faifan roba yake da daraja, mu duba bindigar sojan Amurka da aka fi sani, wadda suka karɓa a 1911 har shekarar ta zama sunanta. Da kumatun katakon walnat ta fara. Da yaƙin duniya na biyu ya kunno kai aka koma roba, don ta fi saurin samuwa, aka kuma raba aikin ƙirar ga kamfanonin da bindiga ba sana'arsu ba ce. Remington Rand mai yin keken rubutu shi ya ƙera mafi yawa, sama da 800,000. Singer, mai keken ɗinkin nan da telolinmu suka sani, ya ƙera 500 kacal, kuma irinsu sun sha haura dala 100,000 a wurin gwanjo. Kumatun kuwa, Colt yana zuba nasa, sauran galibi daga kamfanin Keyes Fibre na jihar Maine suke samu. A bayan faifan ake ganin bambancin: alamar kamfani, da lambar mazubi, da 'yan haƙarƙarin da aka yi don ƙara ƙarfi. A gaba kuma akwai zoben da ke kewaye da ramin noti, na wani mai faɗi, na wani siriri. Da waɗannan ƙananan alamu masana ke gane ko kumatun sun dace da bindigar da shekararta. Na Jamus ma haka, a bayan kumatun P38 akwai tambarin da ke nuna masana'antar da ta zuba su da irin haɗin da aka yi amfani da shi, na farko-farko har da lambar bindigar.

Yanzu mu dubi abin da masu gaggawa ke yi. Hanyoyi uku aka fi bi, kuma kowacce tana da barnarta.

Ta farko ita ce faɗaɗa rami. A bindigar 1911 kowane kunci yana hawa kan wasu 'yan turakun ƙarfe biyu da aka murɗa a jikin mariƙi. In faifan ya motse, ramukansa ba sa kaiwa turakun biyu lokaci guda. Sai mutum ya ɗauko siririn magagari ya ɗan ci gefen ramin. Minti biyar ya gama, faifai ya zauna. Amma zoben nan da ke kewaye da ramin, wanda shi ne shaida, ya ci rabinsa. Kuma robar ba ta daina motsewa ba, nan da wasu shekaru sai a sake ci, har bangon ramin ya yi siriri ya ɓalle. In kuma bayan faifan ya bi da samfefa don ya kwantar da doron, ya share alamar kamfani da lambar mazubi da hannunsa. Garin gyaran gira ya rasa ido.

Ta biyu ita ce zafi. Ana tsoma faifan a ruwan zafi, ko a hura masa iska mai zafi, a danne shi tsakanin katako biyu har ya huce. A kan asitet wannan yana iya miƙar da doro na ɗan lokaci, ba mu musa ba. Sai dai man da ya fita bai dawo ba, zafin ma ƙara korar sauran yake yi, ruwan kuma yakan bar farin dusashe a fuskar robar, kuma sau da yawa doron yana komawa inda ya fito. A kan Bakelite kuwa aikin banza ne, tunda tukunyar da aka gasa ba ta lanƙwasuwa, sai dai ta fashe. A kan seluloyid kasada ce da gida gaba ɗaya. Babbar matsalar ita ce yawancin masu wannan dabara ba su tsaya sun san wace roba ce a hannunsu ba. Wasu don su gane sai su gasa allura su caka a bayan faifan su shinshina, wato sun yi masa tabo tun kafin a fara maganar gyara. Alhali in an goga shi da babban yatsa ya ɗan ɗumama, hanci yakan ba da labari: kafur na seluloyid ne, tsami na asitet ne, warin ƙonanniyar taya na baƙar roba ne, wari mai kama da na maganin asibiti kuma na Bakelite ne.

Ta uku ita ce mafi muni, wato ƙarfi. A danna faifan, a murɗa noti har sai ya zauna ko yana so ko ba ya so. Robar da ta bushe ba ta da haƙurin wannan, tsaga za ta bi daga rami zuwa rami, yau ko bayan wata shida. Wani lokaci notin yakan cije a cikin turken, in an zo kwancewa ya fito da turken gaba ɗaya ya lalata zaren murɗin da ke jikin ƙarfen. Akwai ma wanda zai ga faifai ya ƙi zama sai ya koma kan bindigar, ya ci ƙarfenta ko ya yi sabon rami. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa na ainihi, an lalata abu mai tsada don a faranta wa mai araha.

Abin da ya haɗa hanyoyin nan uku shi ne babu wadda ake iya warwarewa. A nan ne ma'aunin yake a ganinmu. Masu aikin adana kaya a gidajen tarihi suna da wata ƙa'ida da suka daɗe a kanta: taɓa abu gwargwadon larura kawai, kuma kada ka yi masa abin da na bayanka ba zai iya kwancewa ba. Dalilin a fili yake. Saninmu na yau ba shi ne ƙarshen sani ba. Wataƙila nan gaba a samo hanyar tsayar da lalacewar asitet da ta fi ta yanzu, wataƙila wani mai bincike ya buƙaci ainihin awon ramukan don ya gano wane mazubi ne ya zuba wane faifai. Wanda ya adana ya bar musu ƙofa a buɗe. Wanda ya ci da magagari ya yanke hukunci a madadin kowa, har da waɗanda ba a haifa ba.

To me ya rage wa mai kaya? Da yawa. In faifan yana hawa wurinsa amma yana ɗan motsi, 'yar takarda marar sinadari a ƙarƙashinsa, ko ɗan zoben roba a ƙarƙashin kan noti, sun isa, kuma ana cire su ba su bar tabo ba. Noti kuwa a murɗa shi har ya taɓa, a tsaya nan. In faifan ya daina hawa, ko ya fara tsami, ko ana ganin tsatsa na bin sawunsa a jikin ƙarfe, lokacin rabuwa ya yi. Kwancewar ma sai da sani, domin kowace ƙira da hanyarta. P38 noti ɗaya ne ya ratsa kumatun biyu. Tokarev ba ta da noti a waje ko ɗaya, wasu 'yan sakatu ne a ciki, wanda bai sani ba ya sa bakin wuƙa ya ɓanɓara ya karya. Luger ta Jamus tana da wani lungu a kuncin hagu kusa da makullin tsaro wanda ke yawan ɓallewa a hannun mai garaje, har masu tara ta suna yi masa laƙabi da ɓallin dala miliyan.

Bayan an kwance, a naɗe su a takarda marar sinadari, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu inda danshi ba ya hawa da sauka. Kada a ƙulle mai tsami a leda, don tururin da yake fitarwa in ya taru shi ke ƙara masa saurin lalacewa. A bar masa iska, a nisanta shi da ƙarfe, a riƙa leƙa shi. Sannan a sayi sababbin kumatu na kwaikwayo, waɗanda kasuwarsu a cike take. In su ne ba su zauna ba, a ci su da magagari yadda aka ga dama, ba wanda zai yi kuka.

Mun san akwai masu ja, kuma wasu daga hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko zai ce: kayana ne, da kuɗina na saya, ina ruwan wani? Ta fuskar doka ya yi gaskiya. Amma bindigar da aka ƙera a 1943 ta riga ta ga bayan masu ita da dama, kuma bisa dukkan alamu za ta ga bayansa. Shi zango ɗaya ne a tafiyarta. Ko ta fuskar aljihunsa ma, ranar da shi ko magadansa za su sayar, mai saye zai juya faifan ya duba baya, kuma farashin na asali da ba a taɓa ba daban yake da na wanda aka ci.

Na biyu zai ce: ni ba a gilashi nake ajiye tawa ba, ina zuwa filin gwajin harbi da ita, kuma mariƙi mai motsi haɗari ne. Wannan ma gaskiya ne, kuma hujja ce a gare mu. Wanda zai yi harbi shi ya fi kowa buƙatar cire na asali, domin jijjigar harbi ce ke ƙarasa tsagar da ta fara. Ya sa sababbi masu ƙarfi ya yi abin da ya kai shi.

Na uku shi ne mai hujja mafi nauyi. Zai ce: abin da aka raba, ya rabu. Yau ka cire kumatu ka sa a kwali, gobe ka kau, 'ya'yanka su ga wasu karkatattun robobi masu wari su zuba a shara. Ashe da ka ɗan ci ramin ka bar su a jikin bindigar, da sun tsira. Wannan yana faruwa, ba sau ɗaya ba. Shi ya sa ba mu ce a cire kowane tsohon faifai ba. Wanda ke zaune lafiya ba ya cutar da ƙarfe, a bar shi inda yake. Wanda dole ta sa aka cire kuwa, maganin ɓacewarsa rubutu ne. A ɗauki hoto kafin a kwance. A rataya wa kwalin takarda mai ɗauke da lambar bindigar da ranar da aka cire da dalili. A rataya wa bindigar wata takardar da ke cewa kumatunta na asali suna wuri kaza. Aikin minti goma ne, bai kai wahalar magagari ba.

Na huɗu zai ce: ba kowane tsohon abu ne kayan tarihi ba. Kumatun Franzite ba daga masana'anta suka zo da bindigar ba, wani ne ya saya ya ɗaura, kuma na Keyes an zuba su da ɗimbin yawa. Mun yarda daraja hawa-hawa ce, kuma wanda ya gyara faifan da ake samu ko'ina bai yi laifin wanda ya taɓa na Singer ba. Sharaɗinmu ɗaya ne: sani ya riga taɓawa. Yawancin barnar da ake yi, ana yin ta ne kafin a bincika, sai bayan ƙura ta lafa a gane abin da aka ci. A kuma tuna cewa bindigogin yaƙin nan da ake rububi a yau, an taɓa sayar da su a matsayin rarar kayan soja a farashi mai rahusa, kuma a lokacin ne aka yi wa da yawansu kwaskwarimar da jikoki ke cizon yatsa a kanta. Abin da ya yi yawa yau, barna ce ke mayar da shi kaɗan.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi damunmu, domin ta wuce roba ta shiga hali. Sa sababbin kumatu ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ne daga lokacin da aka dafa su a shayi, aka goga musu ƙasa, aka kwaikwayi tambarin baya, don mai saye ya ɗauka na 1942 ne. Misali sananne shi ne Luger da kamfanin Mauser ya ƙera a 1941 da 1942 da baƙaƙen kumatun roba maimakon katako. Bayan yaƙi dillalan Amurka suka raɗa mata suna mai jan hankali, farashi ya tashi, sai ga baƙaƙen kumatu na jabu suna bayyana a kan bindigogin da da katako suka fito. Wanda ya yi haka ya cuci mai saye, ya kuma gurɓata tarihin, domin duk mai nazarin da ya dogara da wannan bindiga zai gina bayaninsa a kan ƙarya.

Masu gyaran tsofaffin gine-gine sun riga sun warware wannan tun a yarjejeniyar da suka ƙulla a birnin Benis na Italiya a 1964. Abin da suka tsayar shi ne, in an cike gurbin abin da ya ɓace, cikon ya dace da ginin, amma ya zama ana iya bambance shi da na asali, don kada gyara ya zama ƙarya. A kan mariƙin bindiga wannan abu ne mai sauƙi. A juya sabon faifan, a rubuta shekarar da aka sa shi a baya inda ba ya ɓata ado. Daga waje ido ya huta, daga ciki gaskiya na nan ga mai nema. Zanen aro dai ba ya rufe katara, gara mai shi ya faɗa da bakinsa kafin wani ya gano.

Mun san akwai wanda zai ga karkataccen faifai a kwali ya ji kamar an bar aiki ba a gama ba. Hannun ɗan Adam yana ƙaiƙayin gyara, musamman in kayan aiki na kusa. Amma faifan da ya motse da kaurin farce yana ba da labari biyu lokaci guda: na masana'antar da ta zuba shi, da na shekaru saba'in ko tamanin da suka bi ta kansa. Magagari yana share duka biyun, abin da yake bayarwa a madadi kuwa shi ne zama daram na 'yan shekaru. A ganinmu wannan ciniki ne na faɗuwa.

Ra'ayi riga ce, kowa da irin tasa, kuma muna sa ran jin masu ganin mun tsananta, musamman a kan hujja ta uku, don ita ce ba ta da amsa mai gamsar da kowa.